Dankalin Ƙudus a Ramin Layya

Ranar Talata ce, ana zafi, ba iska. Baballe ya sauko daga gbaka, ƙaramar bas ɗin haya, a Adjamé da kwali a ka. Ya shigo gidan Hajiya Murja bai ce wa kowa komai ba, sai da ya kai tsakar gida inda kowa zai gan shi. Nan ya dire kwalin, ya share gumi, sannan ya rangaɗa sallama.

Baballe ɗan kamasho ne a tashar Bassam, can Treichville. Aikinsa kiran fasinja, kuma muryar da yake aiki da ita, da ita yake dawowa gida. A Abidjan aka haife shi. Sau ɗaya aka taɓa kai shi Kura, garin kakansa, yana ɗan yaro. Ya dawo da zazzaɓi da labarin noma. Zazzaɓin ya warke.

Matarsa Jamila tana tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki. Ba ta ɗago ba.

"Baban Mubina, me ka kwaso kuma?"

"Kwasowa? Kira matan gidan nan su zo su ga abin da iyayensu ba su gani ba."

Ba a kira kowa ba, amma kowa ya zo. Ya buɗe kwalin. Wasu abubuwa ne masu ƙulu-ƙulu, launin ƙasa, kowanne da irin tasa karkacewar.

Fatihu tela, wanda kekensa ke baranda daura da ɗakin Baballe, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya.

"Citta ce ta kumbura."

"Cittar gidanku," in ji Baballe. "Daga hannun Alhaji Sayyadi na karɓo, mai shigo da albasa ta jirgin ruwa. A cikin kayansa ya biyo. Dubi rubutu. Nasara na ce masa topinambur. A ƙasa kuma an sa Jerusalem. Ka san Jerusalem? Ƙudus ke nan. Dankalin Ƙudus ne wannan. Mai ciwon suga ya ci ya ƙoshi, ba abin da zai same shi."

"To me ya sa Alhajin bai riƙe abinsa ba?"

"Alhaji ɗan kasuwa ne. Ni manomi ne."

"A ina?"

"A jini."

Saura abu ɗaya, ƙasar shuka. Gidan Hajiya Murja gidan haya ne irin na unguwar Saint-Michel: ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya, tsakar gida duk siminti. Wuri ɗaya ne ba siminti, can ƙurya, jikin shingen tsohon kwano da ya raba gidan da na Tanti Akissi mai soya agada. Faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Marigayi mijin Hajiya ne ya bar shi haka da gangan. Duk Babbar Sallah a nan ake haƙa rami, a kwantar da ragon kowane ɗaki a bakinsa, a yanka. Jini ya shiga, dattin tumbi ya bi, a binne. Shekara da shekaru jinin layya bai taɓa simintin gidan ba, bai bi kwata ba. Da wannan Hajiya take yi wa sauran masu gidajen unguwa gori.

Baballe ya same ta zaune a kujerarta ta roba da carbi a hannu. Ya durƙusa.

"Hajiya, aron ƙasa na zo."

"Wace ƙasa?"

"Ta ƙurya."

"Ƙasar layya?" Ta dube shi ta saman tabarau. "Baballe, ka tuna zomaye?"

"Hajiya, zomaye ƙaddara ce."

"Ƙaddarar ta cinye mini tabarmar sallah."

"Wannan ba ya tafiya, Hajiya. Inda aka sa shi, nan yake zama. Kuma ke za ki fara ci. Sugan nan naki sai dai ki ji labarinsa a wurin wasu."

Hajiya ta ja carbi. Ta daɗe rabonta da cin doya ta ƙoshi. Baballe ya ga ƙofa ta buɗe, sai ya shige har da takalmi. Ya zaro makullin ɗakinsa ya ɗaga sama.

"Jama'a ku shaida! In aka kira la'asar ranar jajiberen Babbar Sallah, ƙasar nan ba ta koma fili yadda na same ta ba, ga makulli. In kwashe kayana."

Ba wanda ya nemi wannan daga gare shi. Jamila ta ajiye faifan shinkafa.

"Kayanmu dai."

Ɗaki a Adjamé ya fi aiki wuyar samu. Nasu kuma shi ne mai taga biyu, a cikinsa aka haifi Mubina.

"Fatihu, ka ji?" in ji Hajiya.

"Na ji, Hajiya. Ina ma da yadin labulen da zai dace da tagogin."

Washegari Baballe ya aro diga wurin masu gini. Bai taɓa riƙe diga ba, amma ya sha ganin yadda ake yi. Saran farko ya fito da ƙahon rago. Na gaba, muƙamuƙi. Da ya ƙara, sai ya ji wani ɗan sauti, ruwa ya fara tsartuwa siriri. Ashe bututun famfo ta nan ya bi. Baballe ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya yanko tsohuwar robar taya ya naɗe wurin, ya tura ƙasa, ya take da ƙafa. Jamila kaɗai ta gani, ta taga. Ta ja labule.

Daga nan ya juye kwalin gaba ɗaya, ya jera irin gefe da gefe, wani kan wani.

"Ba a ba su tazara ne?" in ji Fatihu daga kan keke.

"Kujerar mutum uku, huɗu take ɗauka. Kai za ka koya mini lodi?"

Ƙasar da ta sha jinin rago shekara da shekaru ba ta wasa. Kafin azumi abu ya tsiro. Kafin Ƙaramar Sallah ya wuce shinge. Ganye ya yi kore shar, mai kaushi kamar harshen kyanwa. Gindin kuma kullum a jiƙe, ko ba a yi ruwa ba. Matan gida suka fara ƙorafin famfo ya koyi rowa, bokiti sai an yi masa zaman jira.

"Famfo ya gaji ne," in ji Baballe. "Amma ku dubi shukata. Wa ya taɓa ganina da bokiti? Shi ke jawo ruwansa da kansa. Abin Ƙudus ke nan."

Jamila ta dube shi. Ya dubi sama.

A gefen babban masallacin Treichville akwai inuwar da 'yan kasuwa ke zama bayan Juma'a, kafin kowa ya koma rumfa. Da, a gefe Baballe yake tsayawa. Yanzu tsakiya.

Juma'ar farko ya ce shuka ta wuce shi. Ta gaba ya ce ta wuce rufi. Ta bayanta ya ce ya ga tsuntsu ya huta a hanya kafin ya kai samanta.

"Abin da ke ƙasa fa?" in ji Alhaji Sayyadi.

"Kowane ɗaya kamar kan jariri."

"Wanda na ba ka bai kai ƙwan agwagwa ba."

"A hannunka ke nan, Alhaji."

Dattawan inuwar nan rabinsu masu suga ne, sauran kuma suna da mai suga a gida. Wannan ya ce a tuna da shi. Wancan ya ce a tuna da gyatumarsa. Baballe bai iya cewa babu ba. Mai neman kwano ya yi masa alƙawarin buhu. Ya ce kowa ya zo Adjamé ranar jajibere da hantsi, a tone a gaban idonsa, kuma kada wanda ya zo da ƙaramar leda ya raina masa wayo. Samarin tasha suka sa masa suna Agronom. Ya tambayi ma'anarsa a ɓoye, aka ce masanin noma. Daga ranar, in aka kira Baballe ba ya juyowa da wuri.

Damina ta sauka irin ta Abidjan, wadda ba ta sallama. Ruwan farko mai iska ya kwantar da shukar gaba ɗaya a kan igiyar shanya. Farin mayafin Hajiya ya fito da zanen ganye. Baballe ya ce abu mai sauƙi. Ya kwance igiyar shanyar, ya tattaro karan shukar ya ɗaure su tsaye a jikin shingen kwano.

"Mu kuma mu yi shanya a ina?" in ji matan gida.

"Haƙuri. Tarihi ake kafawa a gidan nan."

Suka haƙura. Suka koma shanya a ƙofarsa da tagoginsa. In zai shiga ɗaki sai ya ratsa zannuwan mutane, ya fito da jiƙaƙƙiyar hula. Sauro kuma suka samu unguwa a cikin ganyen, suna fita aiki da magariba.

Sai furanni suka fito, rawaya, kamar ƙananan ranaku. Wannan kam ba ƙarya, sun yi kyau. 'Yan matan layin suka riƙa shigowa ɗaukar hoto. Kowace sai ta saurari bayanin Baballe kafin ta fita. Da yawa ba su dawo ba.

Wata safiya Jamila ta tare shi yana ɗaura agogo.

"Baban Mubina, ka tono ɗaya mu gani."

"A'a."

"Ɗaya tak. Hankalina ya kwanta."

"Ana buɗe cikin mace a duba jariri? Lokaci ake jira."

"Ai ana dubawa a asibiti."

"To wannan ba asibiti ba ne."

"Wurin nan wari yake yi."

"Ƙamshin albarka ne. Ba ki saba ba."

"In muka rasa ɗakin nan, a cikin albarkar za ka kwana."

A kwanakin nan ne Tanti Akissi ta fito da sabon abu a teburinta na bakin titi. Tanti 'yar ƙabilar Baule ce, amma ta daɗe tana maƙwabtaka da Hausawa har tana faɗa da Hausa. Gefen agadarta sai ga wani abu yankakke siri-siri, soyayye, ana barbaɗa masa yaji. Ga ɗan zaƙi, ga garɗi. Duk wanda ya tambaye ta daga ina, sai ta ce, "Allah ke aikowa." Layin gaba ɗaya ya koma kansa. Ita kanta Hajiya tana aika a sayo mata.

Baballe kullum da yamma sai ya zauna a bencinta ya ci.

"Yaya, Agronom?"

"Ba laifi." Ya tauna. "Amma gaskiya abin nan ba shi da asali. Wanda ya noma shi bai san noma ba."

"Haka ne?"

"Daga ɗanɗano nake ganewa. Ki jira nawa."

"Ina jira, maƙwabci. In ƙaro?"

"Ƙaro."

Sai wata lalura ta sauka a unguwar. Cikin mutane ya riƙa kumburi yana ƙugi. A masallacin layi, Malam Abdulbaƙi zai tayar da sallah sahu a cike, kafin a sallame sai ya ji giɓi nan da can, ana ta fita sake alwala. Buta ta yi tsada. Malam ya yi nasiha a kan rage cin wake. Masu sayar da wake suka yi fushi. Baballe, wanda ya fi kowa zirga-zirga tsakanin sahu da buta, ya ce shi ya gano: man gyaɗan bana ne.

Ana saura kwanaki kaɗan Sallah, raguna suka fara isowa. Al'adar gidan, kowa ya ɗaure nasa a ƙurya kusa da wurin yanka. Raguna suka ga kore. Ba su nemi bayani ba.

Baballe ya dawo daga tasha ya tarar ragon Hajiya, wani ƙaton fari mai ƙaho kamar sitiyarin gbaka, ya aske gefe guda har iya inda wuyansa ya kai.

"Hajiya! Ragonki!"

"Ƙasarsa ce," in ji Hajiya. "Kai ne ɗan aro."

Ya kewaye shukar da gidan sauronsu. Raguna suka ci gidan sauron. Ya jera bokitai. Suka ture. Rana ta uku ya ɗauko sukudireba ya kwance ƙofar ɗakinsa, ya kai ta ƙurya ya gitta, ya ɗaure da ragowar igiyar shanya a jikin shinge.

Jamila ta dawo daga kasuwa ta tarar ɗaki a hangame.

"Ina ƙofa?"

"Tana aiki."

"Sannu, Jamila," in ji Fatihu, bai daina taka keke ba. "Ƙofa dai ta riga ku fita."

Da ƙofar ta tsaya daram, Hajiya ta ga ta samu turke. Ta sa aka ɗaure ragonta a jikin mariƙinta.

Ranar jajibere gari ya waye da yayyafi. Tun hantsi mutanen Treichville suka fara sauka. Alhaji Sayyadi a gaba da lema, dattawa a baya, kowa da buhu a naɗe a hammata. Wani ya zo da baro. Yawancinsu suna azumin Arfa, sun sha cunkoson gada, ba wanda ya zo da fara'ar kyauta. Maƙwabta suka cika ƙofar gida. Aka fito wa Hajiya da kujerarta. Malam Abdulbaƙi ya zo duba wurin da zai yi yanka gobe, aka roƙe shi ya buɗe da addu'a.

Baballe ya fito da hular malafa da ya aro, da diga a kafaɗa. Ya yi jawabi. Ya ambaci Kura, ya ambaci kakansa, ya ambaci waɗanda suka yi dariya ranar Talatar nan, yana kallon Fatihu.

"Agronom," in ji wani dattijo, "da azumi muke."

"To ku matsa baya. In ya fito yana iya bugun ƙafar mutum."

Ya sara. Digar ta nutse cikin caɓi har wuya. Ya ja da ƙyar. Wani wari ya taso, mutanen gaba suka koma baya ba tare da an sake roƙonsu ba. Ya sa hannu ya laluba, ya fito da wani abu baƙi, ruɓaɓɓe, yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Wannan uwar ce," in ji shi. "Ta ba da ranta saboda 'ya'ya. 'Ya'yan suna ƙasa."

Ya sara kuma. Ƙaho. Ya sake. Saiwa siri-siri kamar gashin masara. Ya sake. Ƙashin haƙarƙari.

"Agronom," in ji Fatihu, "rago ka shuka?"

"Abin Ƙudus zurfi yake yi. Ba dankalin talakawa ba ne."

"Kan jaririn fa?" in ji Alhaji Sayyadi.

"Yanzu za ka gani, Alhaji."

Ya tuɓe riga. Azahar ta yi, aka je aka yi sallah aka dawo, yana ciki har gwiwa. Ya jefo laka a kan siminti, ya jefo a kan takalman baƙi. Mai baro ya zauna cikin baronsa. Jamila tana tsaye a bakin ɗakin da ba ƙofa, hannu a ƙugu.

"Baban Mubina," ta ce, "kada ka sara ta hagun nan."

Ita ta san abin da ke hagun. Shi ma ya sani. Amma mace ta faɗa a gaban mutanen Treichville.

"Ke za ki nuna wa manomi inda zai sara?"

Ya ɗaga diga har bayan ƙeya ya sauke ta a hagun.

Ruwa ya tashi sama ya wuce rufi. Lemar Alhaji ta juye. Ragon Hajiya, da ruwan ya same shi a fuska, ya zabura da duk ƙarfin da ya tara daga ganyen Baballe. Ya ja ƙofa. Ƙofa ta ja igiya. Igiya ta ja shinge. Shingen kwano ya yi wata ƙara, ya kwanto cikin gidan Hajiya gaba ɗayansa, da shukar da komai. Rago ya bi ta tsakiyar dattawa da ƙofa a bayansa, ya fice titi. Wani ya ruga ya rufe ruwan daga waje.

Da aka yi shiru, sai ga bayan gidan Tanti Akissi a buɗe.

Tana zaune a kujerar tsugunno, da wuƙa a hannu. A gabanta babbar roba cike da abu mai ƙulu-ƙulu, launin ƙasa. Gefe ga wata robar. Ƙasar jikin shingen ta ɓangarenta, busasshiya mai toka da yashi, duk an tone ta layi guda.

Alhaji Sayyadi ya tsallaka kwanon da ya faɗi, ya ɗauki ɗaya ya duba.

"Ai wannan shi ne."

Baballe ya fito daga rami, laka har gira.

"Ɓarauniya! Gonata ce!"

"Kai, maƙwabci, riƙe bakinka," in ji Tanti. Ba ta ajiye wuƙar ba. "Ni na shiga gidanku? Shi ya shigo nawa. Ta ƙarƙashin shinge ya biyo, ya ɗaga mini dutsen murhu, tukunyata ta kife. Can wurinka ruwa ya ishe shi, ya gudo inda zai sha iska."

"Ni na shuka!"

"Ganye ka shuka. Na taɓa ganyenka?"

Mutane suka fara dariya. Baballe ya juya wurin Malam.

"Allah gafarta Malam, a yi hukunci. Shuka tawa, amfani nata?"

"Kai ma ka ci amfanin," in ji Tanti. "Kullum da yamma. Har ka ce wanda ya noma shi bai san noma ba."

"Ni?"

"Ka ce daga ɗanɗano kake ganewa."

Fatihu ya zauna a ƙasa saboda dariya. Malam Abdulbaƙi bai yi dariya ba. Ya dubi robar, ya dafa cikinsa.

"Ashe ba wake ba ne," ya ce. "Sai na nemi gafarar mutane."

"Malam, hukuncin fa?"

"Hukunci na farko, kada wanda ya ci abin nan kafin a sauko Idi."

Dattawan Treichville suka warware buhunansu suka yi layi a gaban Tanti. Sun riga sun biya kuɗin mota. Alhaji Sayyadi ya tsuguna yana tambayarta yadda take yankawa. Ba wanda ya sake cewa Agronom.

Sai aka kira la'asar.

Hajiya Murja ta tashi daga kujera. Ta taka har bakin ƙasar layya. Ba ƙasa. Kududdufi ne, ƙaho yana yawo a kai. Ta dubi shingen, ta dubi simintinta da ya koma laka, ta dubi yaran da suka dawo da ragonta yana jan rabin ƙofa. Ta juyo wurin Baballe. Ta miƙa hannu.

"Hajiya, in aka duba da kyau, ai fili ne. Ruwa ne kawai a kai."

Hannun bai sauka ba.

"Hajiya, tun Mubina tana ciki..."

"Ni na ce ka ɗaga makulli?"

Baballe ya laluba aljihun wando ya fito da makullin, ya goge lakar a cinyarsa, ya sa mata a tafi. Fatihu ya miƙe ya zaro tef ɗin awo daga wuya.

"Mayar da tef ɗinka," in ji Hajiya. "Jamila, zo."

Jamila ta zo.

"Ke kin yi mini alƙawari?"

"Ban yi ba, Hajiya."

"To karɓi. Daga yau ɗakin naki ne. Shi ya ce zai kwashe kayansa, ya kwashe. In kin ga dama ki sauke shi baƙo, ruwanki."

Jamila ta juya makullin a hannu. Ta dubi mijinta daga malafa har ƙafa.

"Allah gafarta Malam, baƙunci kwana nawa ne a shari'a?"

"Uku," in ji Malam. "Abin da ya ƙaru sadaka ne."

"To za mu gani. Ya fara da ƙofa."

"Da bututu," in ji matan gida.

"Da shinge," in ji Tanti. "Yako, sannu, maƙwabci. Amma ka bar ɗan wuri a ƙasa, kada ka toshe masa hanya."

"Ban gama ba," in ji Hajiya. "Gobe ba rami. Malam zai yi yanka a kan simintina. Baballe, kai ne ramin. Ka nemo babbar roba ka tara a wuyan kowane rago. In ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa, ko Jamila ba za ta cece ka ba."

Baballe ya sunkuya ya ɗauki digarsa.

Washegari aka sauko Idi. Baballe ya naɗe hannun sabuwar rigarsa, ya durƙusa da roba a gaban raguna ɗaya bayan ɗaya, tun daga na Hajiya har na Fatihu. Bai zubar ba. Da aka gama ya je wanke hannu a bakin kududdufin, sai ya ga wani ɗan ƙulu guda a cikin laka, bai kai kan babban yatsa ba, da ɗan tsiro a jikinsa. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ya jefa shi a aljihu. Ya ɗauki buta ya bi Malam Abdulbaƙi har bakin titi.

"Allah gafarta Malam, ɗan filin nan na bayan masallaci, na wa ne?"